Mai Gida, Wa Ka Horar Da Zai Riƙe Bayanka?

Duk wanda ya daɗe a zangon Agege, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, ya san irin labarin da muke so mu tattauna a kansa yau. Attajiri ya yi shekara 30 ko 40 yana fama, ya tara jari da motoci da rumfuna, ana cin tuwo a ƙofar gidansa dare da rana. Ran da Allah ya karɓi abinsa, kafin a yi shekara uku sai ka iske rumfar ta koma hannun wani, motocin sun zama kwarangwal, yaran da suka yi masa hidima kuwa sun watse, wani ya koma gadi, wani ya kama turin baro. Mutane su ce ai 'ya'yan ne ba su da albarka, ko kuma an yi wa gidan baki. Mu dai a ganinmu mafarin abin ya riga rasuwar da shekaru masu yawa. Mai gidan ya tara dukiya, amma bai tara mutanen da za su iya juya ta ba.

Kafin mu ga laifin kowa, ya kamata mu ba tsarin iyayenmu haƙƙinsa, gama ba ƙaramar hikima ke cikinsa ba. An kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916, kuma cikin 'yan shekaru ta zama cibiyar cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963 yana nazarin yadda ake gudanar da wannan ciniki, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya tarar shi ne dukan harkar tana rataye ne a wuyan masu gida. Mai gida ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya sa dillalansa su nemo masa mai saye. Da yake mahauta bashi suke ɗaukar shanu, shi ne kuma ke tsayawa lamuni: in mahauci ya kasa biya, asarar a kansa take. Yana da malamin da ke riƙe masa lissafi, da yaran da ke kula da dabbobi da zuwa aike. Ba banki, ba takardar yarjejeniya, amma dukiya mai ɗimbin yawa tana kai da kawo a kan amana tsagwaronta.

To, amma inda ƙarfin wannan tsari yake, nan rauninsa yake. Wane mahauci ne mai cika alkawari, wane ne mai taurin bashi, wane direba ne ba a ba shi kaya da dare, wane jami'i ake gani in mota ta maƙale a hanya, duk wannan ilmi a kan mutum ɗaya yake. Ba a rubuce yake ba, ba a kuma koya wa kowa shi da gangan ba. Yaro kuwa ya shigo gida ba a yanka masa albashi ba, ba a ɗibar masa wa'adi ba. Ci da sha da tufafin salla suna kan mai gida, in an ga dama a yi masa aure. Sai ka ga mutum ya yi furfura, yana da 'ya'ya biyar, har yanzu sunansa yaron Alhaji, bai taɓa ƙulla ciniki ɗaya da bakinsa ba.

A zamanin da, wannan rauni bai cika fitowa fili ba, domin kasuwa ba ta neman kome wurin mutum sai gaskiya da juriya. Yau kuwa al'amari ya sake. Ranar 1 ga Maris 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin kamfanonin canjin kuɗi 4,173 a tashi ɗaya, kuma cikin dalilan da ya bayar har da rashin aika rahoton ciniki da rashin biyan kuɗin sabunta lasisi a kan kari. Bayan watanni biyu ya fito da sabuwar ƙa'ida wadda ta ce babban kamfanin canji sai ya mallaki jarin Naira biliyan 2, ƙarami kuwa Naira miliyan 500. Kowa ya san yawan mutanenmu da ke cin abinci a wannan sana'a a Ikko. Aikin rahoto da takardu aiki ne na horarren ma'aikaci, haɗa jari mai yawa kuwa sai mutane sun iya zama a kamfani ɗaya ƙarƙashin shugaban da suka yarda da shi. Haka kuma ranar 1 ga Yuni 2022 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, samarinmu masu yawa suka wayi gari ba abin yi, domin ban da tuƙa babur ba wanda ya taɓa koya musu kome. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai sai ya shafa wa nasa ruwa.

Bari mu duba yadda manyan ma'aikatu suke yi, watau waɗannan da muke wucewa ta ƙofarsu kullum a Apapa da Ikeja. Kowannensu yana da sashe guda wanda ba ya saye ba ya sayarwa, aikinsa kawai kula da ma'aikata. Shi ke tantance wanda za a ɗauka, ya rubuta masa aikinsa da albashinsa, ya aika shi kwas, ya auna ƙwazonsa a ƙarshen shekara, ya kuma ajiye sunayen waɗanda ake shiryawa domin kowace babbar kujera. Ba don tausayi suke wannan ɗawainiya ba, sun lissafa ne sun ga riba a ciki. Cif Ernest Shonekan ya shiga kamfanin UAC a 1964 a sashen shari'a, aka yi ta ɗaga shi daga mataki zuwa mataki, sai a 1980 ya zama shugaban kamfanin. Shekara 16 ke nan ana dafa mutum ɗaya. A bankin GTBank, Fola Adeola, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa shi a 1990, ya sauka da ƙafarsa a 2002 ya miƙa wa abokinsa Tayo Aderinokun. Da shi kuma ya rasu a 2011, mataimakinsa Segun Agbaje ya hau, masu ajiya ba su ji ko girgiza ba. A 2010, sa'ad da Malam Sanusi Lamido Sanusi yake Gwamnan Babban Banki, aka ƙayyade wa shugabannin bankuna shekara 10 a kan kujera. Jim Ovia na bankin Zenith da Tony Elumelu na UBA suka sauka a shekarar nan, kowannensu ya miƙa wa wanda ya taso a ƙarƙashinsa, bankunan kuma suka ci gaba da bunƙasa.

Gwamnati ma ta daɗe da gane haka. Lokacin da 'yancin kai ya ƙarato, shugabannin Jihar Arewa sun ga cewa in Turawa suka tafi ba isassun 'yan ƙasa da za su riƙe ofisoshi. Saboda haka makarantar koyon aikin akawu da aka buɗe a Zariya a 1947 aka ɗaukaka ta a 1954 ta zama makarantar koyon aikin mulki, wadda ke Kongo, inda aka horar da jami'an mulki da alƙalai da ma'aikatan En'e. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda a yau manyan ma'aikatu ke zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara. A 1973 aka kafa kwalejin ASCON, mai mazauni a Topo kusa da Badagiri, domin manyan ma'aikatan gwamnati, a 1979 kuma aka buɗe cibiyar nazarin manufofi ta Kuru kusa da Jos. In har gwamnati mai taska da kamfani mai biliyoyi sun ga ba za su rayu ba sai da horar da magada, ina ga mai rumfa uku da tirela biyu, wanda ciwon mako guda kan tsayar masa da ciniki?

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce ko ta 'yan boko. Gidan Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro har Gwanja kafin ya shahara a cinikin gyaɗa, ya isa misali. Ya rasu a 1955, amma harkar ba ta bi shi kabari ba, domin ya sa 'ya'yansa cikin aiki tun yana da rai. Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025, ya fara ne a 1948 yana sayen amfanin gona wa kamfanin mahaifinsa, bai hau shugabancin kamfanin ba sai 1960, bayan rasuwar wansa Alhaji Ahmadu. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa, jikan Alhaji Sanusi Ɗantata ta wajen uwa, ya soma nasa ciniki a 1977 da rancen da ya samu a cikin dangi, kuma a Ikkon nan da muke zaune ya gina abin da duniya ke gani yau. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma sai in ta fita da shi daji ya ga yadda ake gudun.

Akwai kuma darasi a wurin maƙwabtanmu Ibo, waɗanda muke gani a kasuwar Alaba da Ladipo da babbar kasuwar Anacha. Idan ɗan kasuwa zai ɗauki yaro, iyayen yaron da shaidu sukan zauna a yanka wa'adi, galibi shekara 5 zuwa 7. A shekarun farko yaro shara da ɗaukar kaya yake yi. Daga nan a bar shi ya yi ciniki da masu saye, sa'an nan a aike shi saro kaya, daga bisani a bar masa reshe ya riƙe. Wa'adi na cika, mai gida ya sallame shi da jari, ya kama masa shago, sau da yawa har ya riƙa ba shi kaya bashi. Darajar ɗan kasuwa a cikinsu tana ƙaruwa da yawan yaran da ya yaye. Ba mu ce tsarin nasu ba shi da aibu ba: ana samun mai gidan da in wa'adi ya kusa sai ya laƙa wa yaro sata don ya kuɓuta daga sallama. Amma wannan ma hujja ce a kan a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne yaro ya san ranar da barantaka za ta ƙare, mai gida kuma ya san akwai abin da ya wajaba ya koyar kafin ranar.

Mun san abin da wasu masu gida za su ce. Na farko, in ka koya wa yaro sirrin kasuwa, gobe shi zai buɗe rumfa kusa da taka ya janye maka masu saye. Wannan tsoro ba na banza ba ne, ya kuwa faru. Sai dai a tuna, yaron da aka ƙi koya wa ba ya fasa koyo, a ɓoye yake yi, kuma ran da ya tafi da gaba zai tafi. Wanda ka sallama da hannunka kuwa ya zama reshenka: wurinka zai sari kaya, shi zai tsaya maka in ka yi tafiya, shi ne kuma zai riƙe 'ya'yanka in ka kau. Na biyu, wasu za su ce shugabanci baiwa ce, ba a koyar da ita. Lalle akwai baiwa, amma karanta lissafi, da raba aiki, da sauraron ƙara ba tare da fushi ba, da sanin lokacin da za a hana bashi, duk abubuwa ne da ake koya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na uku, wasu za su ce ai ɗana ne zai gaje ni, me zai sa in wahala a kan bare? Ɗa yana gadon dukiya bisa rabon da shari'a ta tsara, amma ba a raba iya aiki a zauren gado. In ɗan yana da sha'awa, a sa shi ya faro daga ƙasa kamar kowa. In ba shi da ita, gara a sami amintaccen manaja ya riƙa juya dukiyar, magada suna karɓar riba, da a sayar da rumfa a raba kuɗin su ƙare cikin shekara biyu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ko mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani, kamfani kuwa ba ya mutuwa da mutuwar mai shi, hannun jari ne magada ke rabawa.

Sauran magana mai ɗaci, ita ce shi kansa mai gida yana bukatar mai horar da shi. Da zarar mutum ya yi arziki, masu gaya masa gaskiya sukan ragu, 'yan amshin Shata su yawaita. A manyan kamfanonin duniya har sana'a ce ta musamman: a ɗauko mutum mai gogewa daga waje, wanda ba ya neman muƙami ko kwangila, ya riƙa zama da shugaba a keɓe a kai a kai. Ba ya yanke masa shawara, tambayoyi yake yi masa: me ya sa manajojinka uku suka ajiye aiki a shekara ɗaya? Wane aiki kake riƙe da shi wanda ya kamata ka sakar wa na ƙasa? Sa'ad da Eric Schmidt ya zama shugaban kamfanin Google na Amurka a 2001, aka ba shi shawara ya riƙa zama da wani dattijo, Bill Campbell, tsohon mai horar da 'yan ƙwallo. Da fari ya ga kamar raini ne, daga baya shi da kansa ya riƙa yaba amfanin abin, har ya sa hannu a rubuta littafi a kan mutumin bayan rasuwarsa a 2016. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, da sarautarsa da rundunarsa, ya nemi Muhammadu Bello ɗan Shehu ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon jama'a, shi ne asalin littafin Usulus Siyasa. In sarki bai ji kunyar neman gyara ba, mai gida ma bai kamata ya ji ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da muka faɗa game da rumfa ya shafi ƙungiyoyinmu da sarautunmu na zango. Rikicin kasuwar Mile 12 a watan Maris 2016 da na kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu 2021, inda aka yi asarar rayuka da dukiya, sun nuna cewa akwai ranar da jama'a ke bukatar shugaban da ya san lambar wayar kwamishinan 'yan sanda, ya saba da sarakunan gari, yana jin harshen masu masauki, ya kuma iya kwantar da hankalin samarinsa. Irin wannan mutum ba a ƙera shi ranar da wuta ta tashi. Amma ƙungiyoyinmu nawa ne suke da tsarin mulki a rubuce? Nawa ne suke karanta wa 'yan ƙungiya lissafin kuɗin shiga a ƙarshen shekara? Sau nawa muka ga shugaba ya rasu, kasuwa ta rabu biyu, aka ƙare a kotu, kuɗin da ya kamata a gina makaranta ya tafi wurin lauyoyi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ga shawarwarinmu, kuma ba wadda ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Da fari, duk yaron da aka ɗauka a rubuta masa takarda a gaban waliyyinsa da shugaban kasuwa: aikinsa, da abin da za a riƙa ba shi, da wa'adinsa, da abin sallamarsa. Dokar Ƙwadago ta 1974 ma ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, ta kuma ce yarjejeniyar koyon sana'a kada ta wuce shekara biyar. Na biyu, a riƙa juya yaro daga aiki zuwa aiki, daga sito zuwa ciniki, daga ciniki zuwa lissafi, daga lissafi zuwa saro kaya. Na uku, kowane wata mai gida ya zauna da manyan yaransa a buɗe littafi, a ga abin da ya shigo da wanda ya fita, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Na huɗu, mai gida ya gwada magajinsa tun yana da rai: in zai tafi gida ganin dangi ko aikin Hajji, ya damƙa masa ragama ɗungum, in ya komo a zauna a duba inda aka yi daidai da inda aka kauce. Na biyar, kada a kori kowa sai an ji ta bakinsa. A 1975 gwamnatin soja ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, da yawa ba a saurare su ba, kuma masana da dama suna ganin tun daga nan ma'aikaci ya daina ɗaukar kujerarsa a matsayin abin dogaro. Abin da ya faru a ma'aikatar gwamnati yana faruwa a rumfa: yaron da ya ga an kori ɗan'uwansa a kan zargi kawai, tanadin ranar tasa korar zai fara. Na shida, kowace ƙungiya ta yanka wa shugabanninta wa'adi, ta sa matasa masu ilmi a kujerun sakatare da ma'aji kusa da dattawa, ta kuma keɓe wani abu daga kuɗin shiga domin ajin dare na karatu da lissafi da aiki da kwamfuta.

Ku kuma samari, kalma ɗaya gare ku. Ba mai gidan da zai buɗe littafinsa ga yaron da ba ya dawo da canji daidai. Amana ita ce jarin da kakanninmu suka zo da shi Kurmi, da ita suka sami wurin zama a garuruwan da ba nasu ba. Ku riƙe ta, ku haɗa da neman ilmi, ku yi tambaya a kan abin da ba ku gane ba, kada ku ɗauki shekarun hidima a matsayin zaman jiran sallama kurum.

Ya ku masu gida, kowannenku ya tambayi kansa yau: in ciwo ya kwantar da ni wata uku, wa zai biya masu kaya, wa zai karɓo bashi, wa zai sa hannu a banki? In akwai suna a bakinka, madalla, ka ƙara masa horo. In babu, to aikin da ya fi kowane gaggawa a gabanka ke nan, ya fi sayen sabuwar tirela. Allah ya sa mu gama lafiya, ya kuma albarkaci na bayanmu.